Daga Bakin Mace zuwa Fatar Littafi: Hanyar da Rubutun Sufaye Mata na Kiristocin Turai Ya Bi

A ranar 1 ga Yuni, 1310, aka ƙone wata mata mai suna Marguerite Porete da ranta a dandalin Place de Grève na birnin Paris, saboda littafin da ta rubuta da Faransanci kan yadda rai ke narkewa cikin ƙaunar Allah. Shekara 160 da 'yan kai kafin nan, a taron manyan coci da aka yi a Trier ta ƙasar Jamus tsakanin ƙarshen 1147 da farkon 1148, Paparoma Eugenius na Uku ya karanta wa mahalarta wani yanki na rubutun wata mata, Hildegard ta Bingen, aka kuma ba ta izini ta ci gaba. Su biyun mata ne, su biyun sun ce ilimin da ke cikin littattafansu ba a makaranta suka same shi ba. Ɗaya ta mutu a gadonta tana da shekara 81, sarakuna na aiko mata wasiƙa, ɗayar ta zama toka.

Abin da kowacce ta faɗa yana da nasa rabo a wannan bambanci. Amma wanda ya bi takardun a hankali zai ga cewa abin da ya fi nauyi shi ne hanyar da maganar ta bi kafin ta zama littafi: wa ya riƙe alƙalami, da wane harshe aka rubuta, wa ya duba, wa ya sa hannu ya tsaya mata. Ba a fahimtar rubutun waɗannan mata sai an san wannan sarƙa, domin kowace gaɓa a cikinta ta ƙara wani abu ko ta rage.

Kalmar sufanci aro ce a nan. Waɗannan Kiristoci ba su da ɗariƙa da silsilar shehunai irin wadda mai karatu ya sani. Abin da suke nema shi ne sanin Allah ta hanyar ɗanɗano, har rai ya kai ga abin da suke kira haɗuwa da Shi, kuma ba mu da kalmar da ta fi sufanci kusa da wannan.

Katangar da ke gaban mace a bayyane take. A wasiƙarsa ta farko ga Timoti, sura ta 2 aya ta 12, Manzo Bulus ya hana mace koyarwa, a wasiƙa ta farko ga Korantiyawa kuma, sura ta 14, ya ce mata su yi shiru a taron ikilisiya. Jami'o'in Paris, Oxford da Bologna na maza ne zalla, karatu da muhawara a cikinsu da Latin ake yi. Thomas Aquinas, babban malamin ƙarni na 13, ya raba abin gida biyu: mace na iya koyar da mutum ɗaya ko kaɗan a keɓe, amma yin magana ga jama'ar coci baki ɗaya ba nata ba ne. Ƙofa ɗaya ce ta rage, ita ce ta annabci. Littafi Mai Tsarki ya ambaci mata irin su Debora da Hulda da suka isar da saƙon Allah, Bulus ɗin nan kuma shi ya ce Allah ya zaɓi raunana domin ya kunyata masu ƙarfi. Saboda haka mace ba za ta ce na yi nazari na gano ba. Za ta iya cewa an nuna mini, an kuma umarce ni in rubuta.

Wannan ne ya sa kusan kowacce take buɗe magana da ƙasƙantar da kai: ni jahila ce, ni rarrauna ce, ni mace ce matalauciya. Mai karatu na yau yakan yi ɗayan kuskure biyu. Ko ya ɗauki maganar kai tsaye ya zaci matar ba ta da karatu, ko ya ɗauke ta dabara ce kawai ta tsira da rai. Hildegard da ke kiran kanta marar ilimi ta bar manyan littattafan tauhidi uku, littattafan magani da sanin halittu, waƙoƙin ibada sama da 70 tare da karinsu, da wasiƙu kusan 400. Abin da take nufi shi ne ba ta yi karatun nahawu da manɗiƙi a gaban malaman makaranta ba, wanda gaskiya ne. Tawali'un kuma na gaske ne a wurinta, kuma shi ne takardar izininta: iya ƙanƙantar mai ɗauke da saƙo, iya tabbacin cewa saƙon ba nata ba ne.

Ita kanta ru'ya, wato abin da mace ta ce an nuna mata, tana da ma'auni. Tun ƙarni na 5 babban malamin coci Augustine ya raba gani kashi uku: na idon jiki, na surori da ke bayyana a cikin zuci kamar a mafarki, da na fahimta zalla wanda babu sura a cikinsa. Na ukun ne aka ɗauka mafi aminci, domin an yi imani Shaiɗan na iya shiga biyun farko. Matan sun san wannan rabo, shi ya sa suke bayyana irin ganinsu dalla-dalla. Hildegard ta nace cewa tana gani ne a farke, ido buɗe, hankalinta bai gushe ba, ba a barci ba kuma ba a suma ba. Julian ta Norwich ta ce abin ya zo mata ta hanya uku: gani na ido, kalmomi da aka tsara a cikin fahimtarta, da gani na ruhu wanda ta ce ba za ta iya bayyana shi yadda take so ba. Duk inda aka ga irin wannan bayani a littattafan, amsa ce ga tambayar da mai bincike zai yi.

To, yaya abin ke sauka a rubuce? A tsohon kwafin Scivias, littafin Hildegard na farko, akwai hoton da ya nuna aikin: tana zaune, harsunan wuta na sauka a kanta, allon kakin zuma a gwiwarta da tsinken rubutu a hannu, wani ɗan zuhudu mai suna Volmar na leƙowa ta taga. Matakin farko ke nan. Ana zuba narkakken kaki a cikin allo mai zurfi, a yi rubutu a kai da tsinke, idan an kwashe sai a shafe da faffaɗan gindin tsinken a sake. Daga allo Volmar ke ɗauka ya gyara nahawun Latin, wato ƙarshen kalmomi da lokutan aikatau, da sharaɗin kada ya taɓa ma'ana. Daga nan sai kwafi mai tsabta a kan fata. Ta fara a 1141 tana da shekara 42 da wata 7, littafin mai ru'ya 26 ya ci shekara 10.

Fatar kuma dukiya ce. Ana jiƙa fatar maraƙi ko tunkiya a ruwan farar ƙasa kwanaki, a kankare gashi, a ɗaure ta a katako ta miƙe, a yi ta kankara da wuƙa mai lanƙwasa har ta yi sirara, a goge da dutse mai kaushi, sannan a huda gefe a ja layi. Tawadar kuwa haɗi ce ta wani ƙullutu da ƙwaro ke haddasawa a jikin itace, da gishirin ƙarfe, da ƙaro. Babban kundin da ya tattara ayyukan Hildegard, wanda ke ajiye a Wiesbaden, yana da warƙa 481 da nauyin kilo 15. Idan fata ɗaya ta ba da warƙa biyu masu wannan girma, lissafi ya kai wajen dabbobi 240. Macen da ba ta da gidan zuhudu mai gonaki a bayanta ba za ta ko yi mafarkin irin wannan ba.

Hildegard ita ke iko da masu yi mata rubutu. Yawancin matan ba su sami haka ba, kuma labarin Angela ta Foligno a Italiya ya fi kowanne nuna inda abin ke lalacewa. A 1291 ta faɗi tana kururuwa a ƙofar cocin Waliyi Francis da ke Assisi. Wani ɗan'uwanta, ɗan ƙungiyar masu zuhudu ta Faransiskan da aka sani da harafin A kawai, ya ji kunya, ya kuma yi zargin aljani ne, sai ya sa ta gaya masa komai domin ya kai wa masana. Tana magana da harshen yankinta na Umbria, shi yana juyawa zuwa Latin nan take, a zaune cikin coci, cikin gaggawa saboda 'yan ƙungiyarsa na gunaguni kan zamansa da mace. Tana cewa ni, shi yana rubuta ita. Da ya karanta mata, wani lokaci ta ce ba ta gane maganar ba, wani lokaci ta ce ya rubuta ta a bushe babu ɗanɗano. Shi da kansa ya kwatanta kansa da rariya mai riƙe tsaki ta bar lallausan gari ya zube. Ta lissafa matakai 30 na tafiyar rai, shi kuwa ya kasa rarrabe na ƙarshe-ƙarshen, sai ya dunƙule su cikin 7. Gaskiyarsa abin yabo ce, domin da ya yi shiru da mun ɗauki tsakin a matsayin garin.

Margery Kempe ta garin Lynn a Ingila, matar aure mai 'ya'ya 14, ta jira fiye da shekara 20 kafin ta sa a rubuta mata. Mai rubutun farko Bature ne ɗan Ingila da ya daɗe a ƙasar Jamus, abin da ya rubuta bai zama Ingilishi mai kyau ba bai kuma zama Jamusanci ba, sai ya mutu. Fada, wato limamin cocin da ta kai wa, ya ce ba ya karantuwa, ya yi ta ja mata rai shekara 4 saboda tsoron surutun da ake yi a kanta, sai a 1436 ya zauna ya sake rubutawa tana taimaka masa. Littafin da kansa ya faɗa cewa ba a jere abubuwan suke ba, yadda ta tuna su aka zuba.

Labarin Mechthild ta Magdeburg ya fi ban tausayi ta wata fuska. Ta rubuta da hannunta da Jamusancin arewa tun wajen 1250, wani ɗan ƙungiyar masu wa'azi ta Dominikan, Heinrich na Halle, yana tattarawa. Wannan asalin ya ɓace. Abin da ya rage shi ne fassarar Latin da ta sake jera surorin bisa jigo ta kuma sassauta zafin wasu wurare, da juyi zuwa Jamusancin kudu da aka yi a Basel wajen 1345, wanda kwafinsa ke gidan zuhudun Einsiedeln a Suwizalan. Waƙa ce mai amsa-amo a wurare da yawa, kuma kowa ya san abin da ke samun amsa-amo idan aka sauya karin harshe. Ta faɗa a ciki cewa an gargaɗe ta za a iya ƙone littafin, sai ta ga Allah riƙe da shi a hannun dama yana gaya mata babu mai iya ƙone gaskiya. Ta ƙare rayuwarta a makance a gidan zuhudun Helfta, inda matan gidan suka rubuta mata kashi na 7.

Akwai kuma gaɓar da ake yawan mantawa, ta mai rubuta tarihin waliyiya bayan ta mutu. Beatrice ta Nazareth, wadda ta rasu a 1268, ta bar ɗan littafi da harshen Holanci kan hanyoyi 7 na ƙauna. Inda ta ce rai yana jin kamar jijiyoyinsa za su fashe, fadan da ya rubuta tarihinta da Latin yakan mai da abin ciwo na zahiri a jikinta. Haka Catherine ta Siena: wasiƙunta kusan 380 cike suke da gyaran coci, sulhun birane da matsa wa Paparoma Gregory na 11 ya bar Avignon ya koma Roma, amma tarihin da jagoranta Raymond na Capua ya rubuta ya ba azumi da suma da mu'ujiza fili mai faɗi. Dalilin a fili yake. Maza na neman hujjar da ido zai gani a jikin mace, domin ita ce za ta gamsar da masu ayyana waliyai. Duk wanda ke son sanin tunanin matar, ya fara da abin da ta rubuta kafin abin da aka rubuta a kanta.

Sauyin harshe shi ya ɗaga lamarin zuwa wani mataki. Daga farkon ƙarni na 13, a biranen da ke Beljiyam da Holan da arewacin Faransa da gaɓar kogin Rhine na yau, aka sami matan da ake kira beguine. Ba su yi alkawarin zuhudu na har abada ba, ba su da ƙa'idar da Paparoma ya amince da ita, suna zaune su kaɗai ko a rukuni, suna cin guminsu da saƙa da wanki da jinyar marasa lafiya da koyar da yara, kuma mace na iya fita ta yi aure. Suna cikin waɗanda suka fara rubuta zurfafan al'amuran tauhidi da harshen kasuwa. Hadewijch ta Brabant ta ɗauki salon waƙoƙin soyayya na fadar sarakuna, inda jarumi ke bauta wa gimbiyar da ta fi ƙarfinsa, ta juya shi: rai ne jarumin, Ƙauna ce gimbiyar mai ja da saki. Ta bar waƙoƙi 45 a wannan salo, wasiƙu 31 da ru'ya 14. Tushen kwatanta rai da amarya tsoho ne, daga Waƙar Waƙoƙi ta Sulemanu yake, wadda Bernard na Clairvaux ya yi wa huɗuba 86. Sabon abu shi ne yanzu masaƙiya na iya ji da kunnenta ba tare da fada ya fassara mata ba. Latin katanga ce da ke tsare magana mai haɗari a cikin masana, harshen gida kuwa ba shi da ƙyaure.

A nan Marguerite Porete ta shigo. Littafinta, Madubin Rayuka Masu Sauƙi, muhawara ce tsakanin Ƙauna, Hankali da Rai. Ta zayyana matakai 7. A na farko rai na kiyaye dokoki, a na biyu yana bin shawarwarin kamala, a na uku yana karya son ransa har da son ayyukan alheri da ya saba da su, a na huɗu yana maye da daɗin ƙauna har ya zaci ya iso. A na biyar ne yake ganin Allah shi ne komai shi kuwa ba komai ba, sai ya mayar da nufinsa ga Wanda ya ba shi. Na shida walƙiya ce ta ɗan lokaci, na bakwai sai bayan mutuwa. Mai karatun da ya san maganar fana'i zai ji ƙamshinta a nan, kodayake kowanne da tushensa. Wani abin lura: Jean de Joinville, a tarihin Sarki Louis na Tara da ya kammala a 1309, ya kawo labarin wata tsohuwa da wani ɗan Dominikan ya gani a Dimashƙu riƙe da wuta da ruwa, tana cewa za ta ƙone aljanna ta kashe wutar jahannama domin a bauta wa Allah saboda ƙauna kaɗai. Labarin da ake jingina wa Rabi'atul Adawiyya ne, ya iso Faransa babu sunanta shekara ɗaya kafin a ƙone Marguerite.

Abin da ya jawo mata shi ne irin maganar da ta ɗora a kan mataki na biyar. Ta ce ran da ya narke yana sallamar kyawawan halaye, ba ya ƙara zama bawansu, su ne ke yi masa hidima. Ta ce yana ba ɗabi'a abin da ta nema ba tare da nadama ba, amma nan take ta ƙara da cewa ɗabi'ar irin wannan rai ta daidaita har ba ta neman abin da aka haramta. Ta kuma raba coci biyu, Ƙarama da Hankali ke mulka da Babba da Ƙauna ke mulka, kuma a tsakiyar littafin Hankali ya faɗi ya mutu. Ba ta fake da ru'ya ba, ba ta da gidan zuhudu, babu wani jagora da ya fito ya ce shi ya umarce ta. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, ita kuwa ba ta da kowa a wurin.

Shari'ar ta bi matakai da ya kamata a sani, domin su suka kashe ta. Da fari bishof na Cambrai, Guy de Colmieu, ya sa aka ƙone littafin a gabanta a Valenciennes, ya gargaɗe ta kada ta sake yaɗa shi. Ta nemi ra'ayin malamai uku, cikinsu har da Godfrey na Fontaines, babban malami a Jami'ar Paris, wanda ya yaba amma ya ce kada mutane da yawa su karanta. Da wannan ƙarfin gwiwa ta aika wa bishof na Châlons kwafi. A 1308 ta faɗa hannun William na Paris, mai binciken bidi'a kuma limamin Sarki Philip na Huɗu. Shekara ɗaya da rabi tana tsare ta ƙi yin rantsuwar da ake buɗe bincike da ita, ta ƙi amsa tambaya. Sai William ya tsamo jimloli 15 daga littafin ya miƙa wa malaman tauhidi 21 a Afrilun 1310, suka yanke cewa bidi'a ce. Jimla da aka cire daga mahallinta ta rabu da sharaɗin da ke biye da ita, kuma abin da ya faru ke nan da maganar sallamar kyawawan halaye. Tunda an taɓa gargaɗinta ta koma, doka ta ɗauke ta mai komawa bidi'a, hukuncin wannan kuwa miƙawa ga hukumar sarki ne, wato wuta. Makonni uku kafin nan an ƙone mayaƙan ƙungiyar Templar 54 a wajen birnin, lokacin ba na sassauci ba ne.

Kwatanci ɗaya ya isa. Meister Eckhart, malamin Dominikan da ya koma koyarwa a Paris a 1311, ya faɗi maganganu masu kama da nata kan ran da ba ya nufin komai. Shi ma an tsamo jimloli daga ayyukansa, amma ya sami damar kare kansa a rubuce, ya ɗaukaka ƙara zuwa fadar Paparoma a Avignon, ƙungiyarsa na tare da shi, kuma hukuncin da ya soki jimloli 28 ya fito ne a 1329 bayan ya rasu. Taron manyan coci na Vienne na 1311 zuwa 1312 kuma ya fitar da doka mai jera kurakurai 8, wasunsu kamar daga littafin Marguerite aka ɗebo su, da wata dokar da ta haramta tsarin beguine amma ta bar ƙofa ga mata masu ibada ta gari. Wannan harshen damo ya bar kowane bishof da ra'ayinsa, aka rufe gidaje a wasu biranen aka ƙyale su a wasu.

Daga nan binciken ru'ya ya zama fanni. Birgitta ta Suwidin, ita ma mai ganin ru'ya, ta tsira domin tana da jerin limamai masu fassara mata zuwa Latin da wani tsohon bishof ɗan Sifen, Alfonso na Jaén, da ya tace littafin ya rubuta masa kariya, aka ayyana ta waliyiya a 1391. Duk da haka Jean Gerson, shugaban Jami'ar Paris, ya tayar da batunta a taron Constance a 1415, ya ba da tambayoyi 6: wa ya gani, me ya gani, don me, wa ya gaya wa, yaya rayuwarsa take, daga ina abin ya fito. A wani rubutu da ya gabata ya kwatanta mai bincike da ɗan canji mai gwada zinariya: nauyinta tawali'u, lanƙwasuwarta karɓar shawara, juriyarta haƙuri, tambarinta gaskiya, launinta ƙauna. Ma'aunin na da hikima, sai dai duba shi da kyau: uku daga cikin biyar na auna biyayyar mai ganin ce, kuma wanda ake yi wa biyayyar shi ne mai riƙe da ma'aunin.

Julian ta Norwich ta rubuta a cikin wannan yanayi, kuma ita ce ta fi cancantar a zauna a kanta, domin ta bar littafinta sau biyu, gajere da dogo, ana iya ganin hannunta na aiki. A watan Mayu 1373, tana da shekara 30 da rabi, ta yi ciwon da aka fid da rai, fada ya riƙe gicciye a gaban fuskarta, ta ga wahayi 16. Ko ranar ma ta nuna aikin masu kwafi: wani kwafi ya ce 8 ga wata, wani ya ce 13, domin a lambobin Romawa viii da xiii harafi ɗaya ya raba su. Daga baya ta shiga halwar rai da rai a ɗaki manne da cocin Waliyi Julian. Irin wannan halwa sai da izinin bishof da tabbacin abin da za ta ci, ana karanta wa mai shiga addu'o'in jana'iza, ɗakin kuma bisa al'ada na da taga zuwa cikin coci, wata ta mai hidima, wata ta masu neman shawara. Wasiyyoyin mutanen da suka bar mata kuɗi sun nuna tana raye har 1416. Margery Kempe ta zo wannan taga wajen 1413, Julian ta gaya mata ta auna abin da take ji da ko yana ƙara ɗaukakar Allah da amfanin 'yan'uwa.

A gajeren littafin akwai wurin da ta ce kada a ɗauke ta malama, ita mace ce marar ilimi mai rauni, sannan ta tambaya ko don tana mace sai ta ƙi faɗin alherin Allah. A dogon, mai sura 86, ta cire wannan gaba ɗaya, ta cire mahaifiyarta da ke bakin gado da sauran bayanan kanta. Abin da ta ƙara shi ne tauhidi. Ta ce ba ta ga fushi a wurin Allah ba ko kaɗan, alhali coci na koyar da cewa mai zunubi ya cancanci fushi, kuma ta ƙi sakin ko ɗaya daga cikin biyun. Mafitarta wani misali ne da aka nuna mata ta kasa ganewa har kusan shekara 20: bawa ya ruga da gudu domin cika aiken ubangidansa, ya faɗa rami ya ji ciwo, ya kasa juyowa ya ga cewa ubangidan na dubansa da tausayi babu zargi. Ta bi misalin kamar mai tafsiri, launin riga, wurin zama, gefen da bawan ya tsaya, har ta kai ga cewa bawan Adamu ne kuma Almasihu ne a lokaci guda. A dogon ne kuma ta shimfiɗa maganar Yesu a matsayin uwa mai haihuwa da shayarwa da reno. Wannan aikin malami ne cikakke, an yi shi cikin rigar ru'ya domin ita kaɗai aka yarda mace ta sa. Yawan nanatawarta cewa tana kan abin da coci ke koyarwa ma yana da dalili: a 1401 Ingila ta kafa dokar ƙone 'yan bidi'a, wanda aka fara ƙonewa a shekarar, William Sawtrey, ya taɓa zama fada a Lynn, a 1409 kuma Akbishof Arundel ya ƙuntata wa'azi da fassarar nassi zuwa Ingilishi. Da aka gurfanar da Margery gaban akbishof na York, wani malami ya ɗauko littafi ya karanto mata maganar Bulus ta hana mace wa'azi, ita kuwa ta amsa cewa ba ta hawa mumbari, hira ce take yi da kyawawan kalmomi. Rabon da Aquinas ya yi ne ya cece ta.

Gaɓa ta ƙarshe ita ce ta masu ajiya. Cikakken dogon littafin Julian ya tsira ne ta hannun mata masu zuhudu 'yan Ingila da ke gudun hijira a Cambrai da Paris, aka buga shi a 1670. Na Margery, abin da duniya ta sani daga wajen 1501 shafi 7 ne da Wynkyn de Worde ya buga, an zaɓo wurare masu natsuwa an zubar da kuka da tafiye-tafiye da gardama da malamai, har bugun 1521 ya kira ta mai halwa. Sai a 1934 cikakken kwafin ya ɓulla a gidan wani iyali, wata masaniya, Hope Emily Allen, ta gane shi. Tsohon kwafin Scivias mai hotuna ya ɓace a Dresden a 1945, abin da ya rage hotunansa ne da kwafin da matan gidan zuhudun Eibingen suka yi da hannu tsakanin 1927 da 1933.

Madubin Marguerite kuwa bai ƙone tare da ita ba. Ya yaɗu babu sunan mawallafi cikin Latin da Italiyanci da Ingilishi. Mai fassarar Ingilishin, wanda ya sa hannu da M.N., ya cusa nasa bayanin a wuraren da ya ga za su iya ruɗar da mutum. Kwafi ɗaya tilo da ya adana gajeren littafin Julian, wanda ke Laburaren Birtaniya a Landan, yana ɗauke da wannan fassarar ta Madubin a cikin bango ɗaya. A 1927 an buga shi a Landan da amincewar hukumar cocin Katolika, ana zaton wani malami namiji ne ya rubuta. A 1946 wata masaniya, Romana Guarnieri, ta gwada jimlolin da ke cikin takardun shari'ar 1310 da matanin littafin, ta ga su ne, ta sanar da sunan mai shi a jaridar fadar Vatican.